Kilo Bakwai da Saƙon Mama Rahila

Shekara biyu ke nan da dawowata, kuma na lura wasu abubuwa sun fara cakuɗe mini. Akwai ranakun da nake ganin biyu ne, alhali wataƙila ɗaya ce. Akwai maganganun da ban tabbata wanda na jingina wa su shi ne ya faɗe su ba. Don haka mai karatu ya ɗauki wannan a matsayin iyakar abin da na iya riƙewa. Ba zan ambaci sunayen ƙasashe da garuruwa ba, saboda akwai mutanenmu da suke can har yanzu, ba na so rubutuna ya ja wa wani matsala.

Ni haifaffen Makera ne a Kaduna. Na karanta ilimin ƙasa a jami'a, na yi bautar ƙasa, sannan na shekara huɗu ina awon buhuna a wata masana'anta a Kudenda. A ɗora buhu, in dubi sikeli, in ce ya cika ko bai cika ba. Na faɗi wannan ne don a san cewa nauyi ba baƙon abu ba ne a wurina, kuma kuskuren da zan ba da labarinsa ba na jahilci ba ne.

Ba zan tsaya kan yadda na bar gida ba. Abu ɗaya kawai ya kamata a sani. Ana saura kwana biyu in tashi, Mama Rahila ta zo gidanmu da wani ƙulli. Ƙawar mahaifiyata ce tun suna aiki tare a masaƙa, yanzu tana sayar da citta da acca a unguwar Television. Ɗanta Bitrus ya daɗe a wata ƙasar Turai, kuma a wurinta duk wanda ya hau jirgi unguwar su Bitrus za shi. Ƙullin an ɗinke shi tamau a cikin buhun shinkafa, an bi shi da zaren roba, an rubuta sunan Bitrus da jan biro.

"Nuhu, ɗana," ta ce, "hannu da hannu. Kada ka ba kowa ya kai masa."

Na ce to. A wurinmu ba a ƙin karɓar saƙo, ba a kuma tambayar mai saƙo me ke ciki, balle a buɗe. Da ta tafi na ɗaga shi, hannuna ya gaya mini kilo biyu da rabi ne. Daga baya sikeli ya gaskata ni.

Zango na farko shi ne birnin da aka ce na sami gurbin karatun digiri na biyu. Da na isa adireshin, sai na tarar da shagon gyaran waya a ƙasa, sama kuma ofis a kulle, babu ko allon suna. Wanda ya shirya mini tafiyar ya daina ɗaukar waya tun ina filin jirgi. Na yi wata bakwai ina wanke kwanuka a bayan wani gidan abinci, ina kwana da mutum tara a ɗaki ɗaya. Ban gaya wa gida ba. Duk ranar Juma'a mahaifiyata takan tambaye ni karatu, in ce ana fama. Kafin ta ajiye waya sai ta ƙara da cewa, "Rahila tana gaishe ka, ta ce ko ka sadu da Bitrus?"

Na gwada aika ƙullin ta gidan waya, duk da abin da ta ce. Suka ce sai an farke an rubuta abin da ke ciki. Ban da haka ma, ba ni da adireshin Bitrus, sunan gari kawai nake da shi da lambar wayar da ba ta cika shiga ba. Na dawo da shi na cusa ƙarƙashin gado.

A ɗakin nan na haɗu da Iliya. Mutumin Kakau ne da ke kusa da Kaduna, manomi kuma mai walda, ya girme ni da kusan shekara goma. Ranar da ya ji na ambaci gadar Kaduna a waya sai ya jefar da cokalinsa ya rungume ni. Daga nan ya sa mini suna Farfesa, don ya ga ina rubuta komai a ƙaramin littafi. Shi ya kawo maganar tsallake iyaka mu yi gaba da ƙafa. Na yi mako uku ina cewa bari mu ƙara tunani.

"Farfesa," ya ce, "kai fa ko ruwa za ka sha sai ka kafa kwamiti."

Izinin zamana ya ƙare, aikin ma suka sallame ni, sai na bi shi.

Zango na biyu wani ƙaramin gari ne a gindin duwatsu, a wata ƙasa ta daban. Yadda muka kai can labari ne mai tsawo da ya ci watanni, kuma ban riƙe shi da kyau ba. A nan aka haɗa mu da jagora, wani siririn mutum da ba ya kallon idon kowa, muna kiransa Dogo. Dabararsa ita ce, lokacin zafi ne, Turawa sun fito yawon hawan duwatsu, hanyoyin daji cike suke da su. Mu ma za mu yi shiga irin tasu, mu yi tafiya da rana tsaka kamar kowa, don mai hange daga nesa jaka da sutura yake gani kafin fuska. Tafiyar kwana biyu ce. A rana ta biyu da azahar mota za ta tsaya a wani titi a bayan dutsen, ta jira rabin sa'a, ta tafi da wanda ta samu. Wanda ya makara shi ke nan. Ni da Iliya mun san ba mu da halin sake gwadawa, domin duk abin da muka mallaka ya shiga wannan tafiya.

Sai Dogo ya kafa doka: jakar kowa kada ta wuce kilo bakwai, har da ruwa. Ya ce ya ga ƙarti sun zube a kan hawa saboda kaya, kuma shi ba ya jiran kowa.

Kwana biyar aka ba mu mu shirya. Ina jin ban taɓa yin aiki da natsuwa irin na kwanakin nan ba. Na duƙufa a waya ina karanta shafukan masu yawon duwatsu, mutanen da suke shan wannan wahala don nishaɗi. Na koyi cewa jakar kanta kada ta yi nauyi, cewa rigar auduga tana riƙe gumi ta sanyaya jiki, cewa takalmi mara nauyi ya fi babban but a lokacin zafi, cewa dabino da gyaɗa sun fi kifin gwangwani don ba ka ɗaukar ƙarfe. Wasu har yanke mariƙin buroshin haƙori suke yi, ni ma na yanke nawa. Iliya ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Oga Farfesa, yanke gemun ma, ai ya kai giram goma."

Akwai wata tsohuwa mai shagon kayan lambu a kusa da inda muke kwana. Ba ma jin yaren juna, amma ta gane abin da nake so, ta riƙa barina in yi amfani da sikelinta idan babu masu saye. Na auna safa, na auna cajar waya, na auna sabulu na raba shi huɗu. Darduma na bar ta, na ce ƙasa ma tana da tsarki. Buta na bar ta, gorar ruwa za ta yi aikinta. Takardun makarantata na ɗauki hotonsu na bar wa wani ɗan Gana ajiya, har yau ban sake ganinsu ba. Takalmin da na saya a kasuwar gwanjo mai shagon ya rantse ruwa ba ya shigarsa. Ƙarya yake yi, ko kuwa shi ma ƙaryar aka yi masa, ban sani ba.

Duk yadda na juya lissafin, kilo tara da ɗan wani abu yake ba ni. Ƙullin Mama Rahila ne ya tsaya a tsakiya.

"Bar shi wurin tsohuwar nan," in ji Iliya. "In mun isa ka gaya wa Bitrus ya aiko a ɗauka."

"Hannu da hannu ta ce."

"To farke mu gani. In kuka ce da daddawa, mu rage rabi, Allah ma ya san muna cikin larura."

"Amana ce, Yaya Iliya."

"Ni ma Kirista ne kamarta, na yafe maka a madadinta. Kawo reza."

Na ƙi. Ina so in yi wa kaina adalci a nan, ko da yake ban tabbata na cancanta ba. Wata goma sha ɗaya ina yi wa mahaifiyata ƙarya game da karatu. Ƙullin nan shi kaɗai ne abin da aka ba ni daga gida wanda ban ɓata ba tukuna. Ina ganin shi ya sa na riƙe shi haka, ba don na fi kowa tsoron Allah ba.

Don haka na cire nawa. Na fitar da rigar sanyi mai kauri, na fitar da rigar ruwa, na fitar da safa ta biyu da rabin abincina. Na ce wa kaina ai zafi ake yi, a garin ma da singileti muke yini. Ni da na rubuta a jarrabawa, ba sau ɗaya ba, cewa iska tana ƙara sanyi gwargwadon hawan mutum sama. Na san wannan sarai. Amma jikina na Kaduna ne, bai taɓa yarda cewa wata guda zai iya ɗaukar zafi a ƙasa da ƙanƙara a sama ba. Sikelin tsohuwar ya nuna bakwai daidai. Na ji daɗi kamar na ci jarrabawa. Ita kuwa ta dubi rigar da na ajiye gefe, ta dube ni, ta yi wata magana da yarenta tana nuna dutsen. Na yi murmushi na gyaɗa kai. Ta cusa mini burodi da cuku a aljihu, ta ƙi karɓar komai.

Zango na uku shi ne dutsen kansa. Mu shida muka tashi da hantsi: Dogo, ni, Iliya, da wasu mutum uku da ba mu haɗa yare da su ba. Rabin yinin farko ya yi kyau har ya ba ni tsoro. Mun haɗu da Turawa iyali guda suna saukowa, suka gaishe mu, muka amsa, suka wuce. Iliya ya riƙa dogara sandunan tafiyarsa yana taku irin nasu.

"Ka gan ni nan? Yawon shan iska na fito. Gobe in na ga dama in sayi dutsen."

Wajen la'asar, idan ban yi kuskure ba, muka fita daga cikin itatuwa muka shiga fili mai duwatsu tsirara. Nan iska ta sauya. Hadari ya taso ta bayan dutsen ba tare da wata sanarwa ba, ruwa ya sauko, sannan ƙanƙara ƙanana kamar tsakuwa. Kowa ya zaro rigar ruwansa. Ni na tsaya da 'yar rigata mai gajeren hannu. Abin da na fara yi shi ne na juyo da jakar gabana na rungume ta don kada ƙullin ya jiƙe.

Iliya ya dube ni, ya tuɓe rigar ruwansa ya miƙo mini. Na ce a'a. Ya ce, "Karɓi, abeg, kada ka mutu a bar ni da kayan gado." Muka riƙa karɓa-karɓa, ni rabin sa'a, shi rabin sa'a. A haka dukanmu biyu muka jiƙe, maimakon mutum ɗaya.

Mun kwana a wata bukkar makiyaya mai rabin rufi. Ba zan ce komai game da daren ba, don ban riƙe shi ba. Da gari ya waye yatsuna ba sa lanƙwasuwa, ƙafafuna sun yi fari sun kumbura a cikin jiƙaƙƙiyar safa, abincina kuma ya ƙare tun jiya, na Iliya muka raba. Shi kuma ya tashi da tari da rawar jiki, leɓɓansa sun canza launi. Ya nuna jakata da haɓa.

"Farfesa, don girman Allah buɗe abin nan. Ko garin kwaki ne mu jiƙa."

"Saura sa'a shida. In mun isa Bitrus da kansa zai buɗe ya ba mu."

"Bitrus ɗin da ko wayarka ba ya ɗauka?"

"Layin ne ba shi da kyau."

"Kai dai ba ka da kyau," ya ce, amma da murmushi ya faɗa. Bai sake roƙona ba. Da ya fizge jakar ya farke da ƙarfi, da ban iya hana shi ba, kuma ina jin da na gode masa. Amma shi ma a Kaduna ya tashi. Saƙon wani saƙon wani ne.

Hawan ƙarshe ya fi komai tsayi. Muna taku goma mu tsaya. Dogo ya jira mu sau ɗaya, ya dubi agogo, ya nuna mana wata tsaga a tsakanin duwatsu biyu, ya ce mu bi ta nan mu gangara. Sannan ya wuce da mutum ukun. Ban riƙe shi a zuciya ba, ya faɗa tun farko.

Mun kai tsagar bayan azahar ta gota. Daga nan ana hango titin a can ƙasa, siriri kamar zare. Na ga wata farar mota tana tafiya a kansa. Ko ita ce tamu ko ba ita ba ce, ba zan iya rantsuwa ba. Iliya ya zauna a kan dutse ya ce ƙafafunsa sun ƙi. Muka zauna tare. Ba mu ɓuya ba, ba mu da ƙarfin ɓuya. Bayan kamar sa'a guda wasu mutum huɗu masu kaki suka hauro da kare.

Ba su doke mu ba, gara in faɗi wannan don na ji wasu an doke su. Sun zazzage jakunkunanmu a ƙasa. Ɗayansu ya ɗaga ƙullin, ya tambaye ni me ke ciki. Na ce ban sani ba. Ya sake tambaya, na sake cewa ban sani ba, sai suka ja da baya kaɗan suka sa kare ya shinshina. Sannan ya zaro wuƙa ya bi ɗinkin Mama Rahila ya farke.

Kwalbar zuma ce babba, irin ta kudancin Kaduna, baƙa mai kauri. Don kada ta fashe, an naɗe ta da rigar sanyi ta ulu, saƙar hannu, ruwan ƙasa, mai dogon hannu da wuya. A bushe take ƙayau. A cikin hannun rigar an cusa ƙullin dakakkiyar citta da safa ƙafa biyu.

Iliya ya kalli kayan a kan dutse. Sai ya fara dariya, tarin ya katse shi, ya ci gaba, hawaye na zuba. Masu kakin suka dubi juna.

"Zuma, Farfesa," ya ce. "Da riga. A bayanka muka kwana da su."

Ɗaya daga cikin masu kakin, mai furfura, ya ɗauki rigar ya jefa wa Iliya ya yi masa alamar ya saka. Zumar kuwa suka ce ba a shiga da ita, suka tafi da ita. Ban san abin da suka yi da ita ba.

Zango na huɗu wani sansani ne mai shingen waya, a ƙasar da muka baro. Iliya ya yi kwana goma sha biyu a ɗakin marasa lafiya, ƙirjinsa ya kamu. Ina zuwa in zauna kusa da shi, ba ya kawo maganar, ni ma ba na kawowa. Sau ɗaya na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu.

"Bari. Da ka buɗe ma da wani abin ne zai same mu. Irinmu ba a rasa abin da zai same mu."

Ban sani ba ko ya yarda da abin da ya faɗa. Ni dai na auna shi ta kowace fuska. Da mun sha zumar nan da safe, da ɗayanmu ya kwana da riga a bushe, ina ganin da mun rage sa'a biyun da muka makara. Wataƙila kuma da ba mu rage ba. Wannan awon ba ni da sikelinsa.

Da aka zo da takardar masu son komawa gida, na sa hannu. Iliya ya ƙi. Ya ce ya sayar da gonarsa ta Kakau, in ya koma a kan me zai tsaya? Ya ce zai sake gwadawa kafin sanyi ya shigo, ko da jagora ko babu. Ranar da za a tafi da mu ya rako ni bakin shinge sanye da rigar Bitrus. Ya ce in gaya wa Mama Rahila rigarta tana da ɗumi.

Na yi wata biyu a Kaduna kafin na iya zuwa Television. Na same ta a rumfarta tana tankaɗe acca. Na durƙusa na gaya mata komai, ban rage ba. Ta saurara har na gama, hannunta a cikin faranti.

"Kuna jin yunwa, kuna jin sanyi, kuma abin yana bayanka?"

"E, Mama."

"Wayyo, Nuhu. Ni na ce kada ka ba wani. Yaushe na ce kada ka buɗe?"

Ta share ido da gefen zani, ta tambaye ni sunan wanda ya sa rigar, da sunan mahaifiyarsa, don ta sa a yi masa addu'a a coci. Na san na farkon, ban san na biyun ba. Sannan ta ce Bitrus ma tun Kirsimetin da ya wuce ba ta ji muryarsa ba, ta ci gaba da tankaɗenta.

Yanzu ina koyarwa a wata ƙaramar makarantar kuɗi, ina kuma zuwa Kudenda neman tsohon aikina, ana ce mini in dawo wani watan. Saƙon Iliya na ƙarshe ya shigo wayata mako uku bayan dawowata. Hoton jakarsa ne a kan sikelin tsohuwar nan mai kayan lambu, da kalma biyu: "Shida, Farfesa." Na amsa, ban ga alamar ya karanta ba. Na je Kakau sau biyu, 'yan'uwansa ni suke tambaya.

Iyakar abin da na riƙe ke nan. Idan akwai wanda ya kasance a ɗakin nan na mutum tara, ko a garin gindin dutse, ko a sansanin, ya ga na kauce a wani wuri, ina roƙonsa ya aiko da gyara ta hannun waɗanda suka buga wannan, zan karɓa da godiya. Musamman kai, Yaya Iliya. Na san na yi kuskure a wurare da yawa, wataƙila ma na sa maka maganar da ba ka faɗa ba. Ka rubuto ka ƙaryata ni, ko da layi ɗaya ne.